Yabo Bayan Mutuwa, Wa Yake Amfana?

Akwai tambayar da ta cancanci kowane mai hankali ya tsaya a kanta. In mutum ya yi aikin da jama'a suka ji daɗinsa, yaushe ya kamata a saka masa, yana da rai ko kuwa sai ya kau? Labarin 'yan wasan silima na farko a ƙasar Indiya ya isa misali.

Mutanen Arewa sun daɗe da sanin wasannin Indiya, tun bayan 1950 da Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo su. Har yanzu a Malali ta Kaduna ba wuya a ga samari sun kewaye waya guda, suna kallon wasan da aka juya da Hausa. Amma kaɗan ne suka san waɗanda suka share wannan hanya.

Na farkonsu shi ne Dadasaheb Phalke. A 1913 ya fito da wasan Raja Harishchandra. A lokacin ba macen da ta yarda ta shiga, don ana ganin abin kunya ne, sai wani saurayi ma'aikacin gidan abinci, Anna Salunke, ya yi shigar mata ya fito a matsayin matar sarki. Da aka fara wasa mai magana a 1931, sai kasuwar Phalke ta mutu. Ya rasu a garin Nasik a 1944 cikin talauci, an manta da shi. Sai a 1969, shekara 25 bayan rasuwarsa, gwamnati ta ƙago babbar lambar girma ta 'yan silima da sunansa.

Haka kuma Sulochana, wadda take cikin 'yan wasa mafi albashi a zamanin wasa marar magana. An ba ta wannan lamba a 1973, amma ta rasu a Bambai a 1983 cikin kaɗaici. Ashe duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Wani zai ce, ai an biya su ladansu tun a lokacin, in ba su yi tanadi ba laifinsu ne. Akwai gaskiya a ciki, gama wajibi ne mai sana'a ya tuna damina ba ta dawwama. Amma ladan mai share hanya bai taɓa kai wahalarsa ba. Shi ya sha sarƙaƙiya da zagin mutane, na baya suka bi a sake suka tara dukiya. Saboda haka akwai sauran bashi a kan masu bin hanyar, da masu kallo.

Yabo bayan mutuwa kuwa rayayyu yake amfana, don su yake koya wa tarihi. Mamaci ba abin da yake bukata sai addu'a. Mai rai shi ne mai bukatar hatsi da magani da wanda zai zo gaishe shi.

To, ba sai an je Indiya ba. A Kaduna ma akwai tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin, da makaɗa, da malaman yaƙi da jahilci, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Wanda ya san gidan ɗayansu, ya je yau da ɗan abin hannunsa, kada ya jira ranar zaman makoki.