Kunyar gida da bakin ɗan jarida

Daga Gobir har Damagaram, abu biyu ake fara cusa wa yaro a gida. Na farko kunya: ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya tambayarsa dalili. Na biyu wadar zuci: kada ya miƙa hannu ga abin da bai yi wa gumi ba. Shi ya sa ake tura shi gona ko maƙera tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba.

Zamanin da labari ke fitowa daga jaridar Le Sahel da rediyon gwamnati kaɗai, tarbiyyar nan ba ta gamu da cikas ba, domin abin da hukuma ta so shi ake karantawa. Fitowar jaridar Haske a 1990, da taron ƙasa na 1991, da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da suka biyo baya, su suka kawo sana'ar da ke neman saurayi ya tare sa'an mahaifinsa, magajin gari ko gwamna, ya tambaye shi inda kuɗin asibiti suka shiga. Wasu dattawa na kiran wannan fitsara. Amma wanda ke riƙe da dukiyar jama'a amana ke hannunsa, kuma neman bayani kan amana bai taɓa zama rashin kunya ba, muddin an yi shi da sallama da ladabi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen wadar zuci. Ɗan jaridar da albashinsa ba ya zuwa kan lokaci, in an watse daga taro aka miƙa masa ambulan da sunan kuɗin mota, jika biyu ko biyar, da wuya ya mayar. Washegari harshensa ya yi nauyi, sai ya kira nauyin nan kunya, alhali bashi ne yake biya. Maroƙi ma ya fi shi gaskiya ta wannan fuska, don shi a bainar jama'a yake karɓar kyauta, kowa ya san ladan kirarinsa. Manomin da ya kara rediyo a kunne da magariba kuwa bai ga ambulan ba, muryar kawai yake ji, kuma da ita zai yanke wanda zai jefa wa ƙuri'a.