Da Me Za A Auna Kulawar Wanda Ƙwaya Ta Kama?

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. Gidajenmu na Sabon Birni da Isa ma ba su tsira daga Tramadol da kodin da wiwi da giya ba. To, idan abin ya kama ɗanmu, da me za mu auna kulawar da ta dace da shi?

Sau da yawa fushin iyaye da kunyar maƙwabta ke yanke hukunci. Wanda ya ɓata sunan gida sai a kai shi gidan mari, mai sha a ɓoye kuwa a ƙyale shi har ya lalace. Mun ga ƙarshen wannan hanya a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane a Rigasa ta Kaduna da Daura, waɗansu ɗaure da sarƙa.

Ma'aunin gaskiya shi ne haɗarin da mutum yake ciki. Likitoci sukan tambaya: In ya daina sha, yakan yi karkarwa ko farfaɗiya? Hankalinsa ya gushe, ko yana zancen kashe kansa? Ya sha dainawa yana komawa? Akwai mai riƙe shi a gida? Wanda ya daɗe cikin giya, yanke ta farat ɗaya na iya kashe shi. Irin wannan, da mai neman hallaka kansa, gadon asibiti suke bukata, ko da za a dangana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Hanya tana da haɗari, kuɗin mota da tsada, amma a fara da asibiti mafi kusa. Wanda nasa bai yi nisa ba, yana iya zuwa ganin likita daga gida, da tallafin iyali da Ikilisiya. A riƙa sake aunawa, gama hali yakan sauya.

Ku tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Bai binciki laifin wanda ya samu kwance ba. Raunukansa ya duba, ya ɗaure su, da ya ga hakan bai isa ba ya kai shi masauƙi, ya biya. Katikizim ya kira shan ƙwaya babban laifi, amma ya koyar cewa sabo yana iya rage alhakin mutum. Zunubi a kai shi wurin furta zunubi, ciwo kuwa wurin likita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ubangiji ya ba mu hikima da jinƙai. Amin.