Wasa da Rai: Jarunta ko Ganganci?

A hutun da ya wuce muka tafi shan iska madatsar ruwa ta Daberam, wadda ke tsakanin Daura da Dutsi, ni da abokaina biyu. Muka tarar da samari wajen goma a wani tudu a bakin ruwan. Sai mutum ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya daka tsalle ya faɗa tsundum, ya ɓace, can ya ɓullo ana ta ihu da tafi. Abokaina suka tuɓe suka bi sahu, ni kuwa na tsaya gadin takalma. Da ɗayansu ya fito, ruwa na tsiyaya a jikinsa, sai ya ce, "Kai dai boko ya mai da kai matsoraci." Aka yi dariya, har da ni. Amma maganar ta bi ni gida, ta kuma bar mini tambayar da nake so mu duba tare: shin ya halatta mutum ya jefa ransa cikin haɗari don nishaɗi kawai?

Kada mai karatu ya zaci wannan ɗabi'a ta yaran ƙauye ce. A ƙasar Niyu Zilan akwai wani gari, Kwinistawun, a gindin duwatsu, bakin tafkin Wakatifu, wanda kasuwarsa ke nan. Tun 1988 ake ɗaura wa mutane igiyar roba a ƙafa su diro daga gadar Kawarau, mai tsawon mita 43 daga ruwa. Watau mutum ya yi doguwar tafiya, ya biya kuɗi masu yawa, don kawai a tsorata shi. Da kakata za ta ji wannan, sai ta ce ƙoshi ne.

Da farko na ɗauka amsar mai sauƙi ce, musamman ga ɗan Daura. Tun muna yara ake ba mu labarin Bayajidda: ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ran Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. To, ga haɗari, ga kuma dalili, domin gari ne guda ke fama da ƙishirwa. Sai na ce wanda ya tari haɗari don amfanin jama'a shi ne jarumi, wanda ya tare shi don a yi masa tafi kuwa ɗan ganganci ne. Ga shi kuma malamai na kafa hujja da aya ta 195 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Rai amana ne, ba kayan mai shi ba ne.

Da na ƙara nazari sai na ga wannan rabo bai tsaya da ƙafarsa ba. In har gaskiya ne, me za mu ce da sukuwar da ake yi ranar Hawan Magajiya? Ba yaƙi ake ba, ba a ceton kowa, kuma doki kan ka da mahayinsa. Duk da haka ban taɓa jin dattijon da ya kira mahayan nan mahaukata ba. Sa'an nan an ruwaito Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, alhali babu ɗaya cikin ukun da ake koyo ba tare da kasada ba. Wanda zai tsamo yaron da ruwa ya ci gobe, a wasa ya saba da ruwan yau. Ni mai gadin takalma, da wani ya nutse ran nan, ihu kaɗai zan iya.

Wani tsohon masunci da ke gyaran koma kusa da mu shi ya buɗe mini wata ƙofa. Na gaishe shi na ce, "Baba, ba ka tsawata wa yaran nan?" Ya ce, "Ɗana, waɗancan ukun a nan aka haife su, sun san inda kututture yake da inda laka take. Abokanka fa, sun tambayi wani kafin su faɗa?" Ba su tambaya ba kuwa.

Ashe tsalle ɗaya ne, amma masu yinsa iri biyu ne. Na Kwinistawun ma sai an auna nauyinsa an daidaita igiya kafin a sake shi. Tsoron yake saye, ba mutuwar ba. Mahayin Daura ya san dokinsa tun yana ɗan dukushi. Abokaina kuwa abin da suka sani game da ruwan nan bai wuce abin da na sani ba. Abin da ya raba mu shi ne su sun fi jin kunyar 'yan kallo, ni na fi jin tsoron ruwa. Ban ga wanda zai yi wa wani gori a cikinmu ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a bakin ruwa. Abokin nan nawa shi ne babba a ɗakinsu, mahaifiyarsa ta sayar da tumaki biyu ta haɗa masa kuɗin rajista. Daɗin tsallen nasa ne shi kaɗai, amma da an sami akasi, ita za ta biya, ba a kuwa shawarce ta ba. Na so in gaya masa haka a hanyar komawa, sai na ga zai ɗauka ramuwar gori nake yi, na yi shiru.

Kafin hutu ya ƙare na koma Daberam sau huɗu, ni kaɗai. Tsohon ya sa jikansa ya koya mini iyo inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Tudun nan dai har yanzu ban hau shi ba.