Amanar Miƙa Littafi

Akwai wani tsohon littafin rubutu mai jan bango da muke ajiye da shi tun muna ɗalibai, yau fiye da shekara 20 ke nan. A cikinsa muke rubuta sunan duk littafin da muka karanta, da ranar da muka gama shi, da ɗan abin da ya bar mana a zuciya. Da farko abin bai wuce haka ba. Daga baya muka ja layi muka ƙara gurbi guda, inda muke sa sunan wanda ya nuna mana littafin. Da muka fara koyarwa sai muka sake jan wani layin, domin sunan wanda mu kuma muka nuna wa. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne ya jawo wannan rubutu, domin duk lokacin da muka duba shi sai mun tambayi kanmu: shin mene ne ke kan wuyan mutum idan ya dubi ɗan'uwansa ya ce masa, "Karanta wannan"?

Mai yiwuwa a ga tambayar ba ta kai ta kawo ba. Ai shawara ce kawai, wanda aka ba yana iya ɗauka, yana iya bari. To amma mu duba halin da muke ciki a nan Kudu. Ɗalibin da aka haifa a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Shagamu, ya tashi ne da Hausar gida da ta kasuwa, ba a kewaye yake da shagunan littattafan Hausa kamar takwaransa na Kano ko Zariya ba. Abin da zai karanta sai an yi masa saƙo daga Arewa, ko ya ara a hannun malami, ko ya tsinta a wayarsa ba tare da sanin asalinsa ba. A wurin irin wannan ɗalibi, kalmar malami kusan ita ce ɗakin karatun gaba ɗaya. Idan muka ce masa littafi kaza shi ne adabin Hausa, zai yarda, domin ba shi da na biyu da zai gwada. Kuɗin da zai saya na abincinsa ne, kwanakin da zai ɓata a kai kuwa ba su dawowa.

Magabatanmu ba su ɗauki wannan al'amari da wasa ba. A makarantar zaure, almajiri ba ya wayar gari ya ɗauko littafin da ya ga dama. Malami ne ke duban inda ya kai, ya ce masa ya gama Ƙawa'idi ya shiga Ahalari, daga nan Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, kafin a yi zancen Muhtasar. Kowane littafi da lokacinsa, kuma malamin bai ɗora ɗalibi a kan abin da shi kansa bai karanta a gaban wani ba. A 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu, tun daga yayansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abin lura a nan shi ne bai raba littafi da mutumin da ya miƙa masa shi ba. A ganinsa, sanin hannun da littafi ya biyo wani ɓangare ne na sanin littafin.

Ko a adabin boko haka abin yake, sai dai ba mu cika tunawa ba. Lokacin da Abubakar Imam ya je Zariya a 1936 domin rubuta Magana Jari Ce, Rupert East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa ya ce ya duba. Daga cikin irin waɗannan ne Imam ya tsamo, ya sāke, ya ɗinka wa labaran riga ta Hausa har ba a gane baƙi ne. Shekaru da dama 'ya'yan Hausawa suna tashi da aku da Sarki Abdurrahman. Da wasu littattafan daban aka ajiye a gaban Imam a wancan lokaci, da wataƙila wani abu daban muka tashi da shi. Wanda ya miƙa littafi bai san inda hannunsa zai tsaya ba.

Idan haka ne, sharaɗi na farko a fili yake, kuma ba za mu daɗe a kansa ba: kada mutum ya yabi abin da bai karanta ba. Faɗinsa ya fi aikata shi sauƙi. Wa bai taɓa halartar bikin ƙaddamar da littafi ba, inda mai sharhi zai miƙe ya shafe rabin sa'a yana koɗa marubuci da asalinsa da kirkinsa, alhali kowa ya gane bai wuce bangon baya ba? Mu kanmu ba mu kuɓuta ba. Akwai sunaye uku a gurbin ƙarshe na littafinmu waɗanda muke jin kunyar gani, domin mun aika mutane ga littattafan da muka ji ana yabo ne kawai, ɗaya ma don marubucin abokinmu ne. Wannan shaidar zur ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Mai cewa "karanta wannan" yana cewa ne "na bi hanyar, na ga tana ɓullewa." In bai bi ba, ya yi ƙarya da ƙafafunsa.

Inda maganar take da wuya shi ne sharaɗi na biyu, wato sanin wanda za a ba. A nan ne muka daɗe muna ganin mun fahimci abin, har wata ɗaliba ta nuna mana ba mu fahimta ba.

Shekarun baya, ana dab da tafiya hutu, ta zo ofishinmu ta ce, "Malam, a ba ni wani littafi in tafi da shi gida." Yarinya ce mai ƙoƙari, kuma mun riga mun ji daga bakin wata ƙawarta cewa a wannan zangon mahaifinta ya ƙara aure, ya sallami mahaifiyarta da ƙannenta. A kan teburinmu a ranar akwai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Masu karatu sun san labarin: Rabi, matar Alhaji Abdu, wadda ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro wata, da yadda ta tsaya da ƙafafunta tana sayar da abinci har ta raine su. Hannunmu ya kai kansa, sai muka janye. Muka ce a ranmu wannan fami ne, ba a zuba wa ɗanyen rauni barkono. Muka ɗauko mata Ruwan Bagaja, ta je ta yi dariya da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta manta da damuwa. Muka koma gida muna ganin mun yi hikima irin ta malaman zaure.

Bayan hutu ta dawo da littafin ta ajiye, ta yi godiya, amma ba ta tashi ba. Ta ce wata maƙwabciyarsu ta ara mata Alhaki Kuykuyo Ne, ta karanta shi a dare biyu, sannan ta karanta wa mahaifiyarta a bayyane, tun da ita ba ta yi boko ba. Ta ce ranar ce ta fara ganin mahaifiyarta ta yi magana a kan abin da ya faru ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Sai ta ɗago ta ce, "Malam, ai na gan shi a teburinku ranar nan. Kun san da shi, kuka ba ni na dariya."

Ba mu sami amsa ba a lokacin, kuma har yanzu amsar da muke da ita ba cikakkiya ba ce. Ba mu yi mata ƙarya ba, littafin da muka ba ta mun karanta shi, kuma mai kyau ne. Mun yi la'akari da halinta, wanda shi ne abin da ake so. Duk da haka mun zalunce ta ta wata fuska, domin mun yanke hukunci a kan abin da zuciyarta za ta iya ɗauka ba tare da mun tambaye ta ba. Malamin zaure da yake jera wa almajiri littattafai yana auna iliminsa ne, kuma ilimi abu ne da malami ke iya gwadawa, ya ja baƙi ya ji inda aka yi tuntuɓe. Mu kuwa zuciya muka auna, daga nesa, da labarin da muka ji a bakin wata. Tausayi ne ya sa mu, babu shakka, amma a cikin tausayin akwai raini, kuma ita rainin ta gani.

Wannan ƙaramin al'amari ya sa muka sake duban wata babbar muhawara da aka sha yi a fagenmu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kansu a Kano, aka rabu biyu. Cikin shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soki ingancin abin da aka riƙa kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya a kan cewa waɗannan littattafai sun sa dubban mutane karatu da harshensu, kuma madubi ne na rayuwarsu. Wannan muhawara ce ta masana, an yi ta da alƙalami, kowa ya amfana. Amma a wajen jami'a maganar ta ɗauki wata kama, ta koma zargin cewa littattafan suna lalata tarbiyyar 'yan mata. A 2007 har ƙona tarin littattafai aka yi a wata makarantar 'yan mata a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Da muka ji labarin a wancan lokaci mun yi tir. Ba mu taɓa zaton akwai dangantaka tsakanin mai ƙyasta ashana da malamin da ya janye hannunsa daga kan littafi a ofis ba. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce, kada a yi mana mummunar fahimta. Sai dai tushen tunanin ɗaya ne: ni na karanta ban lalace ba, amma ke ba za ki iya ba.

To, shin sai mu zubar da awo gaba ɗaya, mu miƙa kowane littafi ga kowa? Ba mu ce haka ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare littafi ne da muke ganin ƙimarsa, amma da kisan da ke cikinsa ba za mu ba yaro ɗan firamare ba, kuma ba mu jin wani uba zai zarge mu. Haka nan akwai rubuce-rubucen da ke yawo a wayoyi a yau waɗanda ba batsarsu kaɗai ce illarsu ba, har da rashin gwaninta, kuma ba mu ga dalilin da zai sa mu ɓata wa ɗalibi lokaci da su ba. Yaro daban, baligi daban. Littafin banza daban, littafi mai zafi daban. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki baliga a matsayin yarinya, mun kuma ɗauki zafi a matsayin cuta, alhali wani zafin na magani ne.

Abin da ya kamata mu yi a ranar, a iya fahimtarmu ta yanzu, bai fi minti biyu ba. Mu ajiye littattafan biyu a gabanta, mu ce wannan zai sa ki dariya, wannan kuwa labarin mace ce da mijinta ya kora da 'ya'ya, yana da ɗaci, mai yiwuwa ya taɓa ki, ki zaɓa. Da mun faɗi gaskiyar abin da muka sani game da littafin, wanda shi ne namu, mun bar mata sanin zuciyarta, wanda shi ne nata. Amma ko wannan ma ba mu da tabbacin zai wadatar a kowane hali. Akwai wanda in ka ce masa "mai yiwuwa ya taɓa ka" ka riga ka tona masa asiri, ka nuna masa ka san abin da yake ɓoyewa. Ita wannan ɗaliba ba ta taɓa gaya mana halin gidansu da bakinta ba. Da mun yi mata wancan bayani, da wataƙila kunya ta hana ta sake shigowa ofishinmu. Mun juya maganar ta kowace fuska, ba mu sami hanyar da babu ƙaya ba. Abin da muka iya rarrabewa kawai shi ne wata ƙayar tana sukan mai bayarwa, wata tana sukan mai karɓa, kuma a ranar mun zaɓi wadda ba za ta soke mu ba.

Akwai kuma abin da maƙwabciyar nan ta fi mu. Ba ta da digiri, ba ta san ra'in adabi ba, wataƙila ba ta taɓa jin sunan Malumfashi ba. Amma ta karanta littafin, ta san gidan, ta zauna da matar a tsakar gida ɗaya. Da irin waɗannan hannuwa ne adabin Hausa na zamani ya yaɗu tun farko, daga ɗaki zuwa ɗaki, daga shagon haya zuwa ƙarƙashin matashi, kwafi guda ya zaga unguwa har bangonsa ya cire. Mu malaman jami'a mun zo daga baya ne muka tarar da abin ya kafu, muka shiga yi masa suna da rabe-rabe.

Ɗalibar ta gama karatunta, tana koyarwa yanzu a wata makarantar sakandare. Kwanakin baya ta aiko mana da wani littafi ta hannun direban motar Kano, na wata marubuciya da ba mu taɓa jin sunanta ba, da 'yar takarda a ciki: "Malam, na karanta shi sau biyu. Babi na huɗu zai ɓata muku rai." Mun buɗe littafinmu mai jan bango, mun sa sunanta a gurbin waɗanda suka nuna mana. Gurbin ranar gamawa yana nan babu komai tukuna, domin muna babi na uku.