Soyayyar Da Ke Cikin Kwano

'Yar'uwata uwargida, da ke amarya, ina da tambaya: idan kika cika wa maigida kwano da abin da ransa ke so, alhali kin san yana cutar da shi, so kika nuna masa ko kuwa kara kawai kika yi?

A garuruwanmu, daga Anka zuwa Gummi har Bukkuyum, an ɗauki ƙiba shaidar kwanciyar hankali. In miji ya ajiye tumbi sai a ce, "Ai wance ta iya kula da miji." In ya rame kuwa, dangi su yi ta tsegumi wai ana horonsa da yunwa. Shi ya sa ranar girki ta koma gasa. Wannan ta dama shayi da madara da sukari ƙwaya biyar, waccan ta kawo shinkafa tana ninƙaya cikin mai, ga lemon kwalba mai sanyi a gefe.

To amma zuma ga zaƙi ga harbi. Jiki yana da wani sinadari, insulin, mai kwashe sukari daga jini ya kai shi inda ake bukata. In kitse ya taru, musamman a ciki, sai jiki ya daina jin maganar sinadarin nan, sukari ya yi ta taruwa a jini. Daga nan sai yawan fitsari, ƙishirwa, kasala, gani dishi-dishi, da gyambon da ya ƙi warkewa. In aka yi sakaci har ƙoda da ido da ƙafa yakan taɓa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, in ma da hali ya tsaya a 6. Kin ga kuwa robar lemo guda ta rabin lita tana iya cinye goma sha biyun nan tas.

Mu a yankin nan mun san yadda cuta ke shigowa gida da rigar arziki. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, abinci suke nema, kuma ba su sani ba. Mu kuwa game da sukari an faɗa mana. Wanda ya sani, hukuncinsa daban ne.

Na san za ki ce, "In na rage masa, kishiya za ta ƙara." Gaskiya ne, ana yin haka. Amma wallahi ranar da aka kwantar da shi asibiti, ku biyun ne za ku yi jinya, 'ya'yanku duka su shiga wani hali. Gara ku haɗa kai tun yanzu. Ke ma kada ki manta da kanki, domin ciwon sukari bai ware mata ba, balle mai zaman gida da kwanon cincin a gefe.

Ba cewa na yi a daina cin daɗi ba. Gero da dawa da wake na gonakinmu ne. A yi tuwon dawa daidai ciki, miya ta fi tuwon yawa. A yi kwaɗon zogale da rama, a dama fura da nono ba tare da an zuba sukari ba, zoɓo kuma a sassauta masa hannu. Alkaki da nakiya a bar su sai ranar biki. A riƙa motsa jiki, ko da share tsakar gida ne da tattaki zuwa gidan 'yan'uwa. Duk wanda ya haura shekara 40 kuma yana da jiki, ya je a gwada jininsa da safe kafin ya karya.

A ganina, mai sonka shi ne wanda ya yarda ka ɓata rai yau don ka kai gobe da ƙafafunka. Kwanon da kika miƙa amana ce a hannunki. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.