Ba Hunturu Ne Ya Kashe Miki Kaji Ba

'Yata, saƙonki ya iso gare ni, ina kuma yi miki jaje. Allah ya mayar miki da alheri. Asarar kaji ba ƙaramin abu ba ne ga mace, domin su ne asusunta: kuɗin sabulu, kuɗin littafin yara, da abin yanka wa baƙo idan ya sauka ba shiri. Amma tun da uwa kike kira na, ba zan tsaya a jaje kawai ba. Akwai magana a bakina, ki yi haƙuri ki saurara.

Kin ce iskar hunturu ce ta ɗebe su, wasu a gidan sun ce kambun baka ne, kin kuma rufe da cewa haka Allah ya ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai ja da ita. Sai dai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ke ba ki ɗaure naki ba.

Yaron da ya kawo saƙon ya shaida mini cewa kin sayo dakwale biyu a kasuwa da araha, kina murna, kika sake su cikin naki tun a yammacin ranar, ba a yi mako ba aka fara tsintar gawa. Ke ko tunanin dalilin arahar ba ki yi ba? Da sanyi ya kama, duk wanda ya ga kazarsa ta fara gyangyaɗi kasuwa yake nufa da ita, ya karɓi ko nawa ne. Can za a cusa ta keji ɗaya da masu lafiya, su sha ruwa a gwangwani ɗaya. Baƙuwar kaza, ko daga ɗakin mahaifiyarki ta fito, a ware ake ajiye ta mako biyu, da kwanon ruwanta daban, a ga kashinta, a ga cin abincinta, kafin ta haɗu da 'yan gida.

Ciwon da ya shigo miki, bisa dukkan alamu, shi ne wanda ake kira fakat, likitocin dabbobi kuma su ce Niyukasul. Na tabbata kin ga yadda yake. Kaza za ta koma gefen katanga ta tsaya cik, ta saki fukafukai har ƙasa kamar wadda ta yafa zane, idanu a lumshe. Ki watsa tsaki ba za ta kula ba. Numfashi sai da baki a buɗe, kashi ya koma kore mai ruwa-ruwa. Wadda ta jure kwanaki sai wuyanta ya murɗe, ta riƙa juyi wuri ɗaya, ta kai baki ga hatsi ta kuskure. Ƙwayar cutar tana bin kashi da majina da ruwan sha, tana bin takalmi da hannu da kwando. Hunturu yana taimaka mata ne kawai, shi ya sa ta fi ɓarna daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ko Maris, amma ba shi yake haifar da ita ba.

Na ji kin fasa musu kafson nan ja da yalo a ruwa, kin jiƙa barkono da ɓawon maɗaci. Kin yi ƙoƙari, amma bayan ɓarawo ya riga ya shiga. Wannan ciwo ba shi da magani idan ya kama, kuma kafson ba ya taɓa irin ƙwayarsa ko kaɗan. Abin da yake da shi rigakafi ne, kuma ba daga nesa ake kawo shi ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin irinsa da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ya kuma dace da kajin gida. Ɗigo ɗaya ne a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya, a maimaita bayan kowane wata huɗu. Masu lafiya ake yi wa, ba waɗanda suka riga suka kwanta ba. Kwalbar a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, idan an haɗa ta da ruwa a yi amfani da ita a ranar. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma kuɗinta bai kai na zakara ba. Da kun haɗa kai ku matan layinku, kowa ta kulle nata tun dare, da safe a bi gida-gida, da ba mu kai ga wannan jaje ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ne ainihin dalilin wannan takarda. An ce da kika ga suna faɗuwa, kin kama sauran da ke tsaye kin ba yaro ya kai kasuwa, wai a rage asara. Haba 'yata! Abin da aka yi miki ya ƙona miki rai, shi kika juya kika yi wa wata baiwar Allah. Wata ƙila bazawara ce da ta yi wata da watanni tana tara kuɗin ƙuli-ƙuli, ta sayi kazarki ta kai gida tana sa rai, ta kai wa nata ajali. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne, kin sani tun kina makarantar allo. Kuɗin nan da kika karɓa ba rage asara ba ne, haƙƙi ne kika ɗora wa kanki. Idan yaron ya san wanda ya saya, ki aika a faɗa masa gaskiya a mayar masa da kuɗinsa. Idan bai sani ba, ki yi sadaka da su ki nemi gafarar Allah.

Haka nan gawarwakin da aka watsar a bola. Kare zai ja, kajin maƙwabta za su tona, yara za su yi wasa da gashin. Rami ake haƙawa mai zurfi a binne, ko a ƙone. Kuma ki daina saurin sa wuƙa a wuyan kaza mai ciwo don kada ta yi mushe. Ba kowace annoba ce fakat ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, kuma a farkon 2007 ta yi ajalin wata mata a Legas. Da ido ba za ki iya bambance ta da fakat ba. Idan kaji suka riƙa zubewa rututu cikin kwana ɗaya ko biyu, ofishin likitan dabbobi ake sanarwa, ba tukunya ake ɗorawa ba.

Na san za ki sake kiwo, kuma ina so ki sake. Amma wannan karon ki ɗauke su a matsayin rai da aka ba ki amana. Kin san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Da na zo gidanki, na tarar da kaskon ruwan kajinki a bushe da tsakar rana, gansakuka ta kama gindinsa. Ban yi magana ba saboda idon surukarki. Akurkin kuma kashi ya yi tudu a ciki, ƙuma ta cika shi, shi ya sa suka gwammace kwana a kan katanga inda muzuru ke jiransu. A share shi duk mako, a barbaɗa toka, a bar masa kafar shan iska. Kuma kaza ba ta kwana ɗaki ɗaya da yara, komai tsoron ɓarawo.

Inda ake cin riba ko a faɗi a kiwon gida, wajen 'yan tsaki ne. Kazar Hausa takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21, ta yi haka kamar sau uku a shekara. Ki bar mata iya waɗanda za ta rufe, kamar goma, sauran ki dafa wa jikokina. To amma me ya amfana ta fito da goma idan shirwa da shaho da kwata da sanyin asuba za su bar miki biyu? Makonnin farko a ƙarƙashin babban kwando ake riƙe su tare da uwar, a inda rana ke taɓawa da safe. Ruwansu a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa. Tsaki da dusa kaɗai ba sa gina jiki, sai an haɗa da gara. Ki sami tsohuwar tukunya, ki cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, ki yayyafa ruwa, ki kife ta a bakin shuri da yamma. Da sassafe ki ɗauko ki zazzage musu, ki tsaya ki ga yadda uwar ke kiransu suna rububi. Ki ƙara da ganyen zogale. Duk wannan ba ya cin ko sisi, sai dai tashi da wuri.

Kada kuma ki yi gaggawar kajin gidan gona don kin ga na wance sun yi ɓul-ɓul. Irin su Shika Brown, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, suna da ƙwai sosai, amma abinci na saye suke so da rigakafi a kan kari, kuma ba kasafai suke kwanci ba. Wadda ba ta iya riƙe kazar Hausa ba, waɗannan sai su tsiyata ta.

Sai maƙwabta. Kajinki sun sha tona wa matar gidan bayanku shanya, ta yi kawaici ne kawai don zaman tare. Da damina idan aka yi shuka, ki tsare su, ki ciyar da su a gida.

Yanzu ki share akurkin tas, ki ƙone sharar, ki wanke kwanukan da sabulu ki shanya a rana, ki bar gidan ba kaza har wata guda. Cikin watan ki zaga matan layin ku yi maganar rigakafin, ku sa rana. Idan kin gama duk wannan, ki aiko yaron ya karɓar miki budurwar kaza biyu da zakara daga wurina, an riga an ɗiga musu. Ki gaishe mini da maigidan da yara.