Gyambon Tsoho, Wa Zai Wanke Shi?

Da yawa daga cikin dattawan ikilisiyoyinmu sun ƙarar da ƙuruciyarsu a masaƙu da majemu da masana'antun roba na Bompai, Sharada da Challawa. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kamfanoni da dama suka rufe, ma'aikatan kuma suka tsufa. Yau wasunsu na zaune a gida da gyambon da ya ƙi warkewa, har sun daina zuwa Masa saboda kunyar wari.

Gyambo ba jifa ba ne, ba kuwa hukuncin Allah ba. Doguwar tsayuwa gaban inji takan raunana jijiyoyin ƙafa, jini ya riƙa taruwa, fata ta fashe. Ciwon sukari yakan kashe jin zafi a tafin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Wanda shanyewar jiki ta kwantar, in ba a juya shi duk bayan awa 2 ba, bayansa yakan ɓare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum 1 cikin 6 a duniya zai kai shekara 60. Ke nan nauyin ƙaruwa zai yi.

Ga tambayar da ke gabanmu: shin wanda ya yi taimako sau ɗaya ya sauke hakkin da ke kansa? Mun iya tara gudummawa ranar haɗari, mun iya cika gida ranar biso. Amma gyambo yana bukatar wanki yau da gobe, wata da watanni, da bandeji mai tsabta, da abinci mai gina jiki, da kuɗin mota zuwa Asibitin Murtala ko na Dala. A nan ne tausayinmu ke gajiya.

Wani zai ce aikin 'ya'yansa ne, ko na kamfanin da ya ci guminsa. Gaskiya ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma masana'antar da ke aiki har yanzu wajibi ne ta biya hakkin sallama. To, in kamfanin ya rufe, 'ya'yan kuma ba su da aiki fa?

A Bisharar Luka sura 16, Yesu bai ce mai arziki ya bugi Li'azaru ba. Laifinsa shi ne ya saba da ganin miyakunsa a bakin ƙofa. A sura 10 kuwa, Basamariye ya ɗaure raunuka, ya biya mai masauki, ya kuma yi alkawarin dawowa. Dawowar nan ita ce ma'aunin ƙauna.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa Ranar Marasa Lafiya a 1992, ana kiyaye ta kowace 11 ga Fabrairu. Rana ɗaya ba ta warkar da gyambo. Saboda haka kowace ikilisiya, daga Katidiral na Fatima zuwa St. Louis a Bompai, ta rubuta sunayen tsofaffinta da ke kwance. Zumuntar Mata da matasa su raba ranakun ziyara, ma'aikatan jinyarmu su koya wa iyalai wankin miki, a hana zuba toka ko ƙasa. Miki ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya taso, a garzaya asibiti. Maƙwabci Musulmi ma kada a tsallake ƙofarsa.

Ubangiji da ya wanke ƙafafun almajiransa ya ba mu haƙurin komawa gobe. Amin.